Takobi Marar Kaifi daga Maƙerar Gwarzo

Gaithersburg, Amurka
9 ga Maris, 2013

Zuwa ga Baffa Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da duk jama'ar Unguwar Maƙera. Yaya ƙarfin jiki? An ce mini guduma ta gama da kunnenka, waya ba ta yi maka amfani, shi ya sa na ɗauki biro. Mu nan lafiya ƙalau, sai sanyin da ya ƙi tafiya. Maigidana Abdul-Latif yana gaishe ka.

Kada ka tsaya tunanin wace ce. Tayyiba ce, 'yar marigayi Malam Umaru na Zariya. Kakana da mahaifinka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sau biyu kacal muka haɗu, ranar bikina da ranar ta'aziyyar Baba. A bikin ne ka miƙo mini wata wuƙa a cikin tsumma, ka ce ta yankan albasa ce, mata suka yi ta dariya.

To wuƙar nan ce ta jawo maka wannan takarda. Aikina a nan gwajin ƙarfe ne. Idan ƙarfen gada ko na inji ya tsage, mu ake kawo wa, mu yanka shi, mu duba cikinsa da madubin ƙara girma, mu faɗi abin da ya kashe shi. Bara na yi gangancin ɓamɓare daskararren nama da wuƙar, tsininta ya ɗan ɓantare, sai karambani ya sa na kai ɓantaren ofis. Baffa, ƙwayoyin ƙarfen nan sun yi laushi kamar garin da aka tankaɗe sau biyu. Abokan aikina suka tambaye ni wane kamfani ne ya yi shi. Na ce kamfanin yana Gwarzo, ma'aikacinsa mutum ɗaya ne da zugazuginsa.

Yanzu ga abin da zai ba ka mamaki. Shekara uku ke nan duk Asabar ina tuƙa mota zuwa wani gari, Bowie, ina koyon faɗa da takobi. Ba irin namu ba ne, dogon takobin Turawan da ne, wanda ake riƙewa hannu biyu. Tsawonsa ya kai taƙi shida, amma nauyinsa bai fi na kaza ba. Malaminmu wani dattijo ne baƙar fata, Bartholomew, tsohon ma'aikacin gidan waya. Muna sa hular ƙarfe mai raga da riga mai kauri, mu gwabza iya son ranmu, sannan kowa ya shiga motarsa ya tafi gida.

Buƙatuna biyu ne. Ta farko, ka ƙera mini irin wannan takobi. Na yanka takarda daidai girmansa, na ninke a cikin ambulan. Amma kada ka wasa shi. Bakinsa ya zama da kauri, tsininsa a lanƙwashe, kuma in an tanƙwara shi ya dawo daidai. Na gaji da riƙe ƙarfen wasu alhali ni jikar maƙera ce. Ta biyu, ka rubuto mini yadda kake shayar da ƙarfe, wato yadda kake gasa shi ka tsoma shi har ya yi tauri bai karye ba. Na ji cikin 'ya'yanka babu wanda ya zauna a maƙera.

Ƙawata Constance, ma'aikaciyar jinya 'yar Kaduna, ita za ta kawo takardar. Tana zuwa gida sau biyu a shekara, duk saƙo ka ba ta.

'Yarka,
Tayyiba

Gwarzo
2 ga Yuni, 2013

Zuwa ga 'yata Tayyiba,

Amin, wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Allah Ya bar zumunci. Mu ma lafiya lau, an fara ruwa, manoma sun cika maƙera da fartanya da garma. Kunne kuwa sai godiya, abin da ba na so ba na jin sa, wannan ma rahama ce. Ki gaida maigidan naki, ki ce ina jinjina wa haƙurinsa.

Na shimfiɗa takardar da kika yanka a zaure, na auna, taƙi shida ne da 'yan kai. Shekarata hamsin da ɗaya ina dukan ƙarfe, ban taɓa jin an ce a ƙera takobi a hana shi kaifi ba. 'Yata, wannan ai muciya ce. Muciya kuwa masassaƙi ke yin ta. In tuwo kuke tuƙawa a Amurkan ki faɗa, a saya miki a kasuwa, har da ludayi.

Sannan mace da takobi! Turawan da suka zo ƙasar nan da bindiga suka raina namu, su ne yanzu suka koma wasa da na kakanninsu, ke kuma kin bi su da ɗankwalinki. Ni dai ban faɗa wa kowa ba a dangi, don kada a ce karatu ya taɓa ki.

Batun shayar da ƙarfe kuwa, ki cire ranki. Ranar da mahaifina ya nuna mini, sai da ya sa na dafa uwar maƙera, ƙarfen nan da muke dukan aiki a kansa, na yi alkawarin ba zan rubuta ba, ba kuma zan koya wa kowa ba sai a gabanta. Mace kuwa ba ta tsallake dokin ƙofar maƙera. Ko matata Atine, Allah Ya jiƙanta, shekara arba'in muna tare, daga bakin ƙofa take ajiye mini fura ta juya. Mahaifinki da kansa ya ajiye zugazugi ya ɗauki alli, to wanda ya bar gona ba ya aiko 'yarsa ɗibar iri.

Gaskiya ne abin da kika ji. Ɗana ɗaya yana walda a Kano, ɗaya yana sayar da waya a Abuja. In Allah Ya nufa abin ya bi ni kabari, ba a kaina farau ba.

Wuƙar dai ki daina haƙa ƙanƙara da ita.

Baffanki,
Zulkifilu Maƙeri

Gaithersburg
18 ga Agusta, 2013

Baffa,

Bayan gaisuwa da fatan an yi sallah lafiya, yaya damina? Mu nan zafi ne kamar a Kano. Abdul-Latif ya amsa gaisuwarka, ya ce in gaya maka shi ke ɗauko mini jakar takobin daga mota, saboda haka haƙurin nasa bai ƙare ba tukuna.

Muciyar da ka raina ita ta karya mini ɗan yatsa bara, ta cikin safar hannu kuwa. Batun mace da takobi kuma, ban nemi izini ba, Baffa, labari na ba ka. Ka faɗa wa dangi duka, ka fara da masu tsegumi don labarin ya yi saurin zagayawa. Baba ya ajiye zugazugi, gaskiya ne, amma bai ajiye jininsa a ƙofar maƙera ba, da shi ya haife ni.

Bari in ba ka labarin masu wannan takobi. Shekara ɗari shida da suka wuce, a ƙasashen Jamus da Italiya, ilmi ne sosai mai malamai da ɗalibai. Kowace tsayuwa da sunanta. Akwai Sa, akwai Garma, akwai Wawa, inda mutum ke sauke tsini ƙasa kamar bai san komai ba har abokin gaba ya shigo da kansa. In an gamu da mai sulke sara ba ya aiki, sai a kama tsakiyar ruwan takobin da hannun hagu a nemi hammata ko wuya, inda sulken bai haɗe ba. Wani lokaci ma a juya shi a buga da ƙota kamar guduma. Kuma tun a wancan zamani suna ƙera marar kaifi na koyo, don malamin da yake kashe ɗalibansa makarantarsa ba ta daɗewa.

Sai bindiga ta yi ƙarfi, yaƙi ya canja. Malaman suka tsufa, 'ya'yansu suka kama wasu sana'o'i, irin su walda da sayar da waya na zamaninsu. Aka yi ɗaruruwan shekaru babu wanda ya iya wannan faɗa yadda suka iya shi. Abin da ya rage sai 'yan littattafai, su ma wasu malaman sun rubuta su a dunƙule cikin waƙa da gangan, don kada bare ya gane. To yau jikokinsu su ne baren. Wata biyu muka yi muna gardama a kan wace ƙafa ake fara ɗagawa a wani sara, saboda malamin bai ga dalilin rubutawa ba, a zamaninsa kowa ya sani. Ran nan na ga Bartholomew ya zauna a benci, littafi a cinya, ya cire tabarau ya ce mini, "Tayyiba, da zan sami minti goma da mutumin da ya rubuta wannan, da na ba da shekara goma daga cikin kwanana."

Ni kuwa ina da nawa mutumin. Yana Gwarzo da ransa, yana yi mini ba'ar muciya. Abin yana ci mini rai, Baffa, ba zan ɓoye maka ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Su ko littafi sun bari, kai me za ka bari?

Takobin kuma, idan ba za ka iya ba ne ka faɗa, ba zan ga laifinka ba. Na san ƙarfe mai tsawo haka, siriri, da zai lanƙwasa ya dawo, ya sha bamban da fartanya.

'Yarka,
Tayyiba

Gwarzo
11 ga Fabrairu, 2014

'Yata Tayyiba,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, an gama kaka, Allah Ya ba da abinci. Ina fatan ɗan yatsan ya warke ya ƙara miki hankali, ko da yake ban ga alama ba.

Kin ce in ba zan iya ba in faɗa. Amsarki tana cikin tabarmar da na ba Constance. Rabona da ƙera takobi shekara tara, amma hannu ba ya manta hanyar baki. Sifirin ɗin wata tsohuwar babbar mota, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke ɗauke nauyinta, na samo a Kano, na yi wata uku a kansa, ina yi ina ajiyewa saboda manoma. Da na gama na kira mutanen unguwa, na sa shi a gwiwa na tanƙwara har wani ya rufe ido, na saki ya miƙe sak. Sau biyu hannuna yana kai shi ga dutsen washi ina janyewa. Wannan ne ya fi mini wuya a aikin duka.

Masu tambaya na ce musu na 'yata ne da ke Amurka, tana koya wa Turawa hankali. Tunda kin ce a faɗa, an faɗa.

Labarin malamanku na Jamus na karanta, Allah Ya kyauta. Amma alkawari alkawari ne. Tunda kina da madubin da ke ganin cikin ƙarfe, ki tambaye shi ya gaya miki abin da na yi.

Baffanki,
Zulkifilu

Gaithersburg
27 ga Yuli, 2014

Baffa,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, ban da malamina da yake da ɗinki bakwai a kunci.

Takobinka ya karye. Bari in gaya maka yadda aka yi, don ka san abin da hannunka ya jawo. Makon jiya aka yi gasar shekara a wani babban ɗakin taro nan Maryland, mutum sama da ɗari biyu daga jihohi daban-daban. Tun da safe nake yawo da takobin kamar mai sabon jariri, duk wanda ya taɓa sai na ce masa baffana ne ya ƙera a Nijeriya da gawayi da zugazugi. Masu duba kaya suka tanƙwara shi, ya dawo, suka buga masa alama. Karawar farko na ci. A ta biyu, ni da wata doguwar mata daga Virginia muka kai sara lokaci ɗaya, ƙarfe ya gamu da ƙarfe, sai na ji hannuna ya yi sakayau. Taƙi ɗaya da rabi daga tsini ya ɓalle ya tashi sama. Bartholomew yana alƙalanci a gefe babu hula, ya same shi a ƙarƙashin ido. Da ya hau da faɗin yatsa ɗaya, da yanzu wani labarin nake rubutawa.

Aka cire ni daga gasar. Ina tattara kayana na ji wani a baya yana cewa, "Ai dama." Bai ƙara komai ba, amma na gane sauran.

Ranar Litinin na kai guntun ofis, na tambayi madubin kamar yadda ka ce. Ya gaya mini. Ƙwayoyin ƙarfen manya ne ɓaro-ɓaro kamar tsakin masara. An bar shi a wuta ya wuce kima kafin a tsoma shi. Irin wannan ƙarfe zai lanƙwasa a gwiwa lafiya lau, amma ranar da ya sha duka mai kyau sai ya tsinke. Wannan kuskuren ɗan koyo ne, kuma wanda ya ƙera wuƙar albasa ba zai yi shi da mantuwa ba.

Saboda haka ina tambayarka kai tsaye: da gangan ka yi? Don ka nuna mini mace ba ta riƙe takobi? Ko takardarka ta ƙarshe ta nuna kana fushi, haruffa manya-manya, layuka a karkace, kamar mai yi mini tsawa. In kunyata ni kake so ka yi nasara, na sha kunya a gaban mutum ɗari biyu. Amma da idon bawan Allah ka yi caca, mutumin da bai taɓa jin sunan Gwarzo ba sai a bakina.

Ran Asabar mai zuwa ina Bowie da takobin aro. Ba zan daina ba, ka rubuta wannan ka ajiye.

Tayyiba

Gaithersburg
20 ga Janairu, 2015

Baffa,

Bayan gaisuwa. Wata shida ke nan shiru. Constance ta ce ta kai maka takardar hannu da hannu, ka juya ta, ka sa a aljihu, ka yi mata tayin ruwa, ba ka buɗe ba. Da ta koma a Disamba ta tambayi amsa, ka ce babu.

Ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma kai ne babban da ya rage mini a ɓangaren Baba, ka sanar da ni ko kana lafiya.

Bartholomew ya warke, sai tabo. Ya roƙi guntun da ya yanke shi na ba shi. Ya ce a shekara ashirin da ya yi yana wannan harka bai taɓa riƙe takobin da ya zauna a hannu kamar naka ba, kuma bai yarda mai irin wannan hannu mugu ne ba. Na ce masa bai san maƙeran gidanmu da taurin kai ba.

Tayyiba

Gwarzo
6 ga Afrilu, 2015

'Yata Tayyiba,

Assalamu alaikum. Takardunki biyu suna wurina. Jiki lafiya, zafi ne dai ya sako mu gaba. Ki gaida malaminku, ki ce maƙerin Gwarzo yana roƙon gafararsa. Wallahi da na karanta batun ɗinkin nan sai da na kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba.

Kin tambaya ko da gangan na yi. Na so a ce da gangan ne, da aƙalla na san abin da nake yi.

Ta farko cikin biyun nan kwana goma sha ɗaya na yi ina karanta ta, a bakin ƙofa, da hantsi, layi biyu uku in huta. Ban ba kowa ya karanta mini ba, don duk wanda ya karanta zai gane abin da shekara uku nake ɓoyewa. Idona na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama kuma kamar mai leƙe ta cikin kara nake gani da shi, kuma karan yana ƙara tsukewa. Na je asibiti a Kano ba da sanin kowa ba, ina fatan yanar ido ce a cire. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa zai rage gudun saura ne kawai. Tsawar da kika gani a rubutuna ke nan. In ban yi haruffan manya ba, ba na ganin abin da na rubuta.

Sirrin da kike nema a ido yake zaune, 'yata. Akwai jan da ƙarfe yake yi a wuta, in ya kai nan ake cire shi, ba kafin ba, ba bayan ba. Bayan an tsoma kuma akwai launin da yake bin ruwan takobin in an mayar da shi kan garwashi, irin na wuyan kurciya. Fartanya tana yafe wa maƙeri, ko ka ɗan wuce ba za ta tona maka asiri ba, shi ya sa har yau manoma ba su gane ba. Takobi ba ya yafewa. Ranar da na shayar da naki hasken rana ya cika maƙera, na ga ja na ce ya kai, ashe ya wuce tuni. Na san akwai shakka a raina. Amma 'yar ƙanina ta ce in ba zan iya ba in faɗa, girman kai ya hana ni cewa ba zan iya ba.

To kin ji. Ba na neman tausayi, kuma kada ki gaya wa dangi. In gari ya ji, maƙera ta mutu tun ina raye. Abin da kike nema kuma kin makara, ya riga ya kama hanya, ni ma kallonsa nake yana tafiya. Ki ci gaba da wasanki da takobin kamfani, shi ba zai yanki kowa ba.

Baffanki,
Zulkifilu

Gaithersburg
3 ga Mayu, 2015

Baffa,

Na rubuta da manyan haruffa don kada ka sha wahala. Ina gaishe ka da jiki, Allah Ya ba da sauƙi. Ka riƙa ɗiga maganin nan kullum, ba sai ka tuna ba.

Na yi kuka da na karanta takardarka, a cikin mota, a wurin ajiye motoci na ofis. Na zarge ka da mugunta alhali kana fama kai kaɗai. Ka yafe mini. Wannan na janye, duka.

Amma batun na makara ban yarda ba. Ka ce idon dama yana da saura. Sauran nan nake so. Na ɗauki hutun wata biyu, na sayi tikiti, ranar goma ga Yuli ina Kano in Allah Ya yarda. Zan zo da wata 'yar na'ura da ake nuna wa ƙarfe ta faɗi zafinsa da lamba. Kai ka duba ka ce "yanzu", ni in ga lambar, in kuma ga launin da idona. Mu yi sau goma, sau hamsin, har idona ya koyi abin da naka ya sani. Daga nan ni ce idonka, kai ne hannu, mu sake ƙera takobin. Akwai wanda ya ce "ai dama" a bayana, ina da magana da shi baɗi.

Na san za ka ce mace ba ta shiga maƙera. To zan zo in tsaya a bakin ƙofa inda Inna Atine take ajiye fura, kullum, daga safe har ka tashi, unguwa duka tana kallo. Wata biyu ne, kuma ka san jinin da ke jikina. Ko ka kore ni a gaban jama'a ko ka san yadda za ka yi da ni, wannan ya rage naka.

Ban gaya wa kowa ba sai Abdul-Latif, shi ma don shi zai kai ni filin jirgi.

'Yarka,
Tayyiba

Gwarzo
14 ga Yuni, 2015

'Yata Tayyiba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo ta hannun wani Alhaji da ya dawo daga can, kuma a zama ɗaya na karanta ta, Allah Ya yi miki albarka da manyan haruffa. Jiki da sauƙi, ina ɗiga maganin. Babu komai tsakanina da ke, na yafe, ni ma ki yafe.

Ba za ki tsaya a bakin ƙofa ba. Jikar wan mahaifina ba za ta zama abin kallo a unguwa ba, kuma ba za ki shiga maƙera ba, wannan doka ta girme ni.

Shekaranjiya na sa aka haƙe uwar maƙera daga inda kakanmu ya kafa ta. Mutum huɗu suka ɗauke ta, muka shiga da ita cikin gida, muka kafa ta a ɗakin girkin Atine. Tun rasuwarta ba a hura wuta a ciki ba. Hayaƙin shekara arba'in ya mayar da bangon baƙi ƙirin, taga ɗaya ce 'yar ƙarama. Da na haɗa zugazugi na sa guntun ƙarfe don gwaji, sai na ga jan nan ya fito sosai a cikin duhun ɗakin, yadda rabona da ganinsa shekara biyu. Na zauna a ƙasa na daɗe ban tashi ba.

Kafin la'asar Sarkin Maƙera ya iso da dattawa uku, ya ce ba a taɓa yin haka ba, uwar maƙera ba ta shiga cikin mata. Na ce masa na yi alkawarin ba zan koya wa kowa ba sai a gabanta, ga ta nan kuwa. Mace ba ta shiga maƙera, ba ta shiga ba, maƙerar tana can waje a buɗe, kowa ya je ya duba. In akwai wanda ya gaji dokar da ta hana mace shiga ɗakin girki, ya kawo mini ita. Ya ce to me ya sa sai mace? A nan na gaya musu batun idona, su huɗu, da bakina. Na ce duk mai ɗa namiji da zai zauna ya koya kafin ya rufe, ya turo shi gobe da safe. Yau kwana biyu babu wanda ya zo. Gari dai ya ji, manoma biyu sun riga sun karɓe fartanyarsu sun kai wani wuri. Su je, Allah Ya raka taki gona.

Na samo wani sifirin ɗin, ya fi na farko. Gawayin ƙirya buhu shida yana zaure. Ki zo da tufafin da ba kya so, ki bar zobe a gida. Kada ki tsaya gaishe-gaishe a Kano da Zariya, dangi za su jira, ido ba zai jira ba.

Saura batun rubutu. Ni ba zan rubuta ba, na yi wa mahaifina alkawari, kuma da shi zan tashi. Ke kuwa na shimfiɗa miki buzu ta hannun haguna. Wannan ɓangaren ba na ganin komai, ba kuma zan tambaye ki abin da hannunki yake yi ba.

Baffanki,
Zulkifilu Maƙeri